Hular ƙarfe a haƙorin yaro ba ɓarnar kuɗi ba ce

Iyaye da yawa, da likita ya ce a sa wa turmin yaro hular ƙarfe, sai su ce a cike kogon kawai, ai zai yi famfara. To, turamen baya ba sa faɗuwa sai wajen shekara 10 zuwa 12. Yaro ɗan shekara 5 kenan yana da sauran tauna mai yawa.

Idan kogon ƙarami ne, ciko ya wadatar. Amma idan ruɓewa ta cinye gefe biyu ko fiye, ciko yakan gutsure ko ya fita, a sake komawa asibiti yaro na kuka. Hula kuwa tana rufe haƙorin ruf, ta fi daɗewa. Ba ado ba ce irin haƙorin Makka. Ranar famfara tare suke fita.