Mujallar ƙungiyarmu ta masu tsofaffin motoci ta koma kundin hotunan liyafa

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina biyan kuɗin zama ɗan wata ƙungiya ta masu riƙe da tsofaffin motocin Faransa a nan Ingila, kuma ban taɓa bari wa'adin biya ya wuce ni ba. Ina da Fijo 504 ƙirar 1978, irin wadda mahaifina ya daɗe yana ja tsakanin Kaduna da Zariya, kuma duk wanda ya riƙe mota mai waɗannan shekaru a ƙasar da makanikan zamani ba sa taɓa inji sai sun jona masa kwamfuta, ya san cewa ilimin gyaranta ya fi kayan gyaranta wuyar samu. Don wannan ilimin na shiga ƙungiyar. Hanyar da aka ce zai riƙa iso mana ita ce mujallar da ake aiko wa kowane mamba sau huɗu a shekara, wadda ga yawancinmu da ke nesa da inda shugabanni ke taruwa ita kaɗai ce abin da kuɗinmu ke sayo mana. Yau tura ta kai bango, domin mujallar nan ta lalace lalacewar da shiru a kanta ya zama haɗa baki da masu lalata ta.

Fitowar watan Satumba ta faɗo ta ramin wasiƙun ƙofata ne a ƙarshen Nuwamba. A shafi na uku an buga sanarwa da manyan baƙaƙe ana kiran mambobi su hallara a babbar kasuwar tsofaffin kayan mota ta Beaulieu, wadda ake ci a watan Satumba, wato an ci an watse fiye da wata biyu kafin sanarwar ta iso hannuna. A shafi na biyar kuma ana neman masu sa kai da za su tsaya a rumfar ƙungiya a bajekolin tsofaffin motoci na Birmingham, shi ma an riga an naɗe tabarmarsa. Wannan ihu ne bayan hari, kuma an caje mu kuɗin tambarin aiko shi.

Da jinkirin ne kaɗai da na haƙura, domin na san sha'anin buga takarda. Abin da ke ciki shi ne ya fi ci mini rai. Na zauna da biro na ƙirga shafukan ɗaya bayan ɗaya, na tarar arba'in da takwas ne. Goma sha tara daga ciki hotunan cin abinci ne: ga mambobi zaune a kan ciyawa da kwandunan burodi, ga shugaba yana miƙa wa ma'aji kofin azurfa, ga ma'aji yana miƙa wa sakatare wani kofin, ga su kuma su ukun sun jeru suna murmushi a gaban wata mota da jikinsu ya rufe rabinta, ba a ma faɗi ƙirarta ko shekararta ba. Shafi shida bayanin zaman kwamiti ne, an kwafo shi yadda yake, har da sunan wanda ya ba da uzurin rashin zuwa da wanda ya goyi bayan a tashi. Abin da ya shafi gyaran mota shafi ɗaya da rabi ne kacal, an matse shi can baya da ƙananan baƙaƙen da sai na ɗauko gilashin ƙara girma kafin na karanta, alhali kowa ya san yawancin masu karanta mujallar nan sun haura sittin, idanunsu sun fara gajiya.

Ko wannan shafi ɗaya da rabin ma ba abin dogara ba ne. A wata fitowa ta baya an buga teburin saitin bawul na injin fetur na 504, aka juya lambobin, aka sa tazarar bawul ɗin shigar mai a gurbin na fitar hayaƙi. Duk bakaniken da ya san aikinsa ya san cewa bawul ɗin fitar hayaƙi ya fi ɗaukar zafi, saboda haka ƙarfensa ya fi miƙewa idan inji ya yi zafi, shi ya sa ake ba shi tazara mafi faɗi tun yana sanyi. Wanda ya bi teburin mujallar zai matse shi, bawul ɗin ya kasa zama daidai a mazauninsa, a hankali ya ƙone, daga nan kuma sai sauke kan inji da kashe kuɗin da ya ninka na zama mamba sau da yawa. Ni kaina saura ƙiris in faɗa wannan ramin, domin har na kwance murfin bawul na shimfiɗa mujallar a kan fuka-fukin mota ina duba lambobin, sai zuciyata ta ƙi kwanciya na kira wani dattijo da zan zo kan maganarsa. Na rubuta wa edita washegari na nuna masa kuskuren. Har yau ba a buga gyara ba, ko da layi ɗaya ne, kuma teburin yana nan a gidajen ɗaruruwan mutane yana jiran wanda zai yarda da shi.

Haka aka yi mana lokacin da aka sauya man fetur. A watan Satumba na 2021 gidajen mai na ƙasar nan suka mayar da fetur na yau da kullum zuwa wanda ake kira E10, mai ɗauke da sinadarin itanol har kashi goma cikin ɗari. Itanol yana cin tsohuwar roba, yana jawo danshi cikin tanki, yana lalata kayan cikin kafireta, shi ya sa aka shawarci masu tsofaffin motoci su riƙa shan mai tsadan nan na E5, wanda itanol ɗinsa bai wuce kashi biyar cikin ɗari ba. An daɗe ana sanar da ranar sauyin kafin ta zo. Babu wani labari da ya fi wannan muhimmanci ga ƙungiya irin tamu a wannan shekarar, amma bangon mujallar da ta fito a lokacin hoton kek ne da aka yi shi da siffar mota. Ni na koyi darasin ne da hancina, ranar da na buɗe gareji da safe warin fetur ya buge ni, na durƙusa na ga tiyon da ke kai mai kafireta ya yi laushi ya tsattsage yana ɗiga a kusa da inji. Da na tayar da motar a haka, Allah kaɗai ya san abin da zai biyo baya. Bayanin E10 bai shigo mujallar ba sai bayan fiye da shekara, shi ma sakin layi biyu ne.

Dokokin da suka shafe mu ma haka suke wucewa ba a ce uffan ba. Motar da ta cika shekara arba'in tana iya samun sassaucin harajin hanya, amma ba haka kawai yake zuwa ba, sai mai ita ya nemi a sauya mata aji a takardu. Tun watan Mayu na 2018 kuma aka ɗauke wa irin waɗannan motoci wajabcin gwajin shekara-shekara na MOT, muddin ba a yi musu babban sauyi ba. Lokacin da aka faɗaɗa yankin ULEZ ya mamaye dukkan unguwannin Landan a watan Agusta na 2023, inda motar da ba ta cika sharaɗin hayaƙi ba ke biyan fam 12.50 a kullum, motocin da ke ajin tarihi ba sa biya, amma wadda ta rage shekara biyu ko uku ta cika arba'in tana biya. Duk wannan daga bakin mutane na tsinta, a filin ajiye motoci da wajen masu sayar da kayan gyara.

Akwai kuma wani abin da ya taɓa ni ta wani ɓangaren daban. A wata maƙala ta tarihi an rubuta cewa an daina ƙera 504 a shekarar 1983, aka sa aya. Abin da ya tsaya a 1983 shi ne ƙera salun ɗinta a Faransa. Motar da aka fito da ita a 1968, ta lashe kambun motar shekara ta Turai a 1969, ta ci gasar tseren motoci ta Safari a Gabashin Afirka a 1975, ta ci gaba da rayuwa a Ajantina da Kenya, kuma a Kaduna, inda masana'antar harhaɗa Fijo ta fara aiki a 1975, an yi ta fitar da ita har cikin shekarun 2000. Akwai lokacin da ta jirgin sama ake kwaso sassanta daga birnin Lyon na Faransa zuwa Kano, sannan a wuce da su Kaduna. Mu da muka tashi muna ganinta a matsayin motar gwamnati, motar haya ta dogon zango da kuma a-kori-kura mai dakon buhuna, mun san abin da ta jure wanda ba ta taɓa gani a titunan Turai ba. Na zauna na rubuta shafi uku a kan wannan, na haɗa da tsofaffin hotunan gidanmu, na kawo yadda makanikan Panteka a Kaduna da na Ƙofar Ruwa a Kano ke raya injin da a nan za a ce ya mutu. Aka amsa mini da cewa an gode, za a duba idan an samu fili. Fitowa shida aka yi tun daga nan, fili bai samu ba, amma hotunan kofin azurfa ba su taɓa rasa wuri ba.

Dattijon da na ambata tsohon bakanike ne da ya yi fiye da shekara arba'in yana gyaran Fijo, tun zamanin 404. Idan ka kira shi ka kara wayar kusa da inji, zai saurara na ɗan lokaci ya ce maka ka duba wuri kaza, kuma da wuya ya kuskure. Shi ne ya hana ni bin teburin nan, ya karanto mini lambobin da ka, sannan ya yi dariya ya ce ya daina buɗe shafin gyara na mujallar don kada hawan jininsa ya tashi. Na taɓa ziyartarsa na ga littattafan rubutunsa, masu bango baƙi, duk sun sha baƙin mai a gefe, cike da zane-zanen hannu da bayanin wane kayan wata mota ne ke shiga madadin na asali idan an rasa, da yadda ake zaunar da hannun rigar silinda, wato bututun ƙarfen da fistan ke hawa da sauka a cikinsa, ba tare da ruwa ya haɗu da mai ba. Sau biyu ina roƙon kwamiti a tura wani ya zauna da shi da na'urar ɗaukar murya, a riƙa buga hirar kashi-kashi, har na ce ni zan yi tafiyar da kuɗin aljihuna idan za a ba ni tabbacin bugawa. Shiru kake ji kamar an shuka dusa. Ya rasu a hunturun da ya wuce. Mujallar ta ba shi layi huɗu a ƙasan wani shafi, har da kuskure a harafin sunansa. Da na tuntuɓi iyalinsa bayan 'yan makonni, sai suka ce sun share garejin, littattafan sun tafi tare da tarkace, domin babu wanda ya gaya musu cewa suna da amfani ga kowa. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Laifin yana wuyan ƙungiyar da ta san darajarsa ta kuma zauna tana ɗaukar hoton kek.

Na san abin da za a ce mini, domin an sha faɗa: edita aikin sa kai yake yi, ba a biyansa ko sisi, kuma abin da mambobi suka aiko shi yake bugawa. Rabin farko gaskiya ne, kuma ina girmama duk wanda ya ba da lokacinsa kyauta. Rabi na biyu kuwa ba haka yake ba, tunda ga nawa rubutun yana kwance, kuma na san aƙalla mutum biyu da nasu ya kwanta haka har suka daina aikowa. Sa kai ba ya halatta buga lambar da za ta ƙona injin mutum. Gyara kayanka kuma bai taɓa zama sauke mu raba ba. Abin da muke nema bai fi ƙarfin kowa ba: a tsayar da ranar fitowa a kuma cika ta, idan sanarwa za ta iso bayan taro a cire ta, kada wata lamba ta gyara ta shiga madaba'a sai bakanike ya duba ta ya sa hannu, a ware gurbin gyaran kuskure a kowace fitowa kamar yadda kowace jarida mai mutunci ke yi. Bayanin zaman kwamiti a tura shi ta imel ga mai so. Tallan kayan gyara a riƙa sa masa kwanan wata, domin na taɓa kiran wani a kan lagireto da na gani a shafin talla ya ce mini ya sayar da shi shekara biyu da suka wuce, kuma sau uku yana roƙon a cire tallan. Sannan tsofaffin fitowa na shekarun da mujallar ke da nama a jikinta, waɗanda ke jibge a kwalaye a gidan wani ɗan kwamiti, a ɗauki hotonsu a yi musu fihirisa, yadda mai neman bayanin birki ko giya zai same shi cikin minti biyar.

Dattawa irin wanda muka rasa ba su fi a ƙirga da yatsu ba a ƙungiyar yanzu, kuma biyu daga cikinsu sun haura tamanin. Takardar sabunta rajista ta iso makon jiya, ita kam a kan lokaci, har da sanarwar ƙarin kuɗi saboda tsadar bugu. Na cike ta, amma ban aika ba tukuna. Na haɗa ta da kwafin wannan ƙorafi da kuma buƙatar a sa maganar mujalla cikin ajandar babban taron shekara, kuma na riga na sayi na'urar ɗaukar murya, na yi alkawari da ɗaya daga cikin dattawan nan biyu ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe goma na safe.