Shanu ba sa ɗauke da zazzaɓin cizon sauro

Duk damina sai na ji maganar nan a ƙauyenmu, kusa da Kura, har ta fara isata: wai shanun da ke kwana bayan gida ne ke sa wa yara zazzaɓi. Sauro ya sha jininsu, ya dawo ya ciji yaro, ya zuba masa cutar. Ban ga laifin masu faɗa ba, kowa na ganin yadda sauro ke yanyame garke da magariba.

Sauro kam yana cizon shanu, kuma ana iya gane jinin wa ya sha. Masu bincike kan kama tamatar da sassafe, cikinta ya yi jawur (namijin ba ya shan jini), su matse jinin a kan takarda, su kai ɗakin gwaji. Jinin kowace dabba na ɗauke da ƙwayar halittarta, wato DNA, sai gwaji ya nuna na mutum ne, na saniya ko na akuya, muddin bai narke ba. Da haka aka tabbatar irin sauron da ake kira Anopheles arabiensis na cizon mutum da shanu, wani irin kuwa, Anopheles gambiae, ya fi son mutum.

Amma ƙwayar cutar, Plasmodium falciparum, ba ta rayuwa a jinin saniya. Sai sauro ya ciji mutum mai ɗauke da ita, ta yi kwana 10 zuwa 14 tana girma a jikin sauron, sannan ya iya sa wa wani. Wanda jinin saniya kaɗai ya sha, ko ya ciji ɗanka, ba zai sa masa zazzaɓin cizon sauro ba.

Inda shanu ke da hannu shi ne sawun kofatonsu a taɓo. Ruwa ya kwanta a ciki, nan sauro ke zuba ƙwai.