Kifin da ba wanda ya ci, ni dai ina shakkarsa

A nan Amurka inda nake zaune, mutum zai kwana bakin tafki da fatsa mai tsadar gaske, ya kama kifi, ya ɗora a sikeli, ya ɗauki hoto, sannan ya mayar da shi ruwa. Eh, ya sake shi. Da yawansu don nishaɗi suke yi ba don tukunya ba. To shikenan hoto ya zama shaida, kuma duk mai fatsa ya san dabarar, ka miƙe hannuwa gaba saitin kyamara ka ɓoye gwiwar hannu, sai ƙaramar karfasa ta fito a hoto da girma kamar jariri.

Mu kuwa a Zariya ba mu da wannan sikelin a bakin Kubanni ko Galma, amma wallahi ƙarya ta fi wahalar sha a wajenmu. Dalili, kifi a gida ba ya ɓata haka kawai. In ka ce jiya ka ciro tarwaɗa kamar cinyarka a dam ɗin Shika, tambaya ɗaya za a yi maka a majalisa: "To malam wa ya ci?" Ko dai ka kai Sabon Gari mai saye ya taya, ko uwargida ta yi farfesu an aika wa maƙwabta, ko yaran unguwa sun biyo ka tun daga bakin rafi suna ihu. Dole wani ya gani. In babu ko ɗaya sai ka ji ana "Allah sarki, ya tsinke zaren ko?" ana dariya ƙasa-ƙasa, don kullum wanda ya tsere shi ne babba.

Sannan tsofaffin masunta ba girman kifin suke saurare ba, ƙananan abubuwa suke bi. Da me ka kama, tana ko hanjin kaza, wane lokaci, ruwa ya ja baya ko yana cike, a wane gurbi. Wanda ya ce ya kama giwan ruwa a Kubanni da tsakar rani ai ba sai an yi musu da shi ba, shayi kawai za a miƙa masa. Mai gaskiya labarinsa bai canzawa, har yakan ba ka haushi don ba armashi, shi kuwa ɗayan duk zama sai kifin ya ƙara tsawo.

Kada wani ya ce min sikeli ya gama magana. A 2022 a gasar kamun kifi ta tafkin Erie a jihar Ohio, an farke cikin kifin wasu mutum 2 da ke shirin cinye gasar, sai ga dunƙulen dalma suna zubowa, magana har kotu, suka yi kwana 10 a gidan yari aka ƙwace jirginsu. Wasu gasannin a nan har na'urar gane ƙarya suke sa wa wanda ya yi nasara. Mu ma ba a bar mu a baya ba, a Argungu a 2008 an ƙwace kambun wanda ya zo na ɗaya bayan an gano mataccen kifi ya shigo da shi daga wani ruwan. Inda duk aka sa kuɗi da mota, za a samu mai dabara.

Abin da ke ɗan damuna, yanzu samarinmu na Samaru da Tudun Wada sun fara ɗauko salon nan, hoto a WhatsApp, hannu a miƙe, ba wanda ya ga kifin ido da ido. Ni dai duk wanda ya turo min irin wannan, sai na nemi hoton farfesun da sunan wanda aka aika wa.