Wata 7 ana makokin kare a gidan maƙwabcina

Ranar Asabar da ta wuce, wajen ƙarfe 5 na yamma, gari ya riga ya yi duhu kamar yadda yake yi a birnin Leeds na Ingila a watan Nuwamba, ina zaune ina jiran ruwan shayi ya tafasa, sai na ji wani gurnani ta cikin bango. Ƙasa-ƙasa yake, irin na tiransifoma idan an kawo wuta. Uwargida ta ɗago kai ta ce, "Malam, ka ji? Dattijo ya kunna." Can kuma sai tsirkiya ta yi ƙara sau ɗaya, ta yi shiru, ta sake yi. Rabon da mu ji wannan sauti tun watan Afrilu.

Sai na ɗan bayyana muku irin gidajen nan. Jeri ne na jan bulo, manne da juna tun daga farkon layi har ƙarshensa, an gina su ne tun zamanin da masaƙu ke ɗaukar ma'aikata a garin. Babu zaure, babu tsakar gida, ƙofarka tana buɗewa ne kusan a kan titi. Bango ɗaya ne tsakaninka da maƙwabci, in ya yi atishawa kana iya yi masa addu'a daga kan gadonka. Shekara 4 ke nan muna raba bango da wannan dattijo, Bature, tsohon direban bas da ya yi ritaya. Sun daɗe da rabuwa da matarsa, 'yarsa guda tana Ostireliya. A gidan daga shi sai wani baƙin kare jinsin Labrador, sai jitar lantarki. Kullum daga ƙarfe 7 zuwa 8 na dare sai ya kaɗa, ba ya wuce lokaci ko da minti 5, har yarana suka riƙa gane lokacin wanka da kiɗansa. Shi ya ce su kira shi da sunansa gatsau, ni kuwa na ce ban haifi mai yin haka ba, Kawu za su ce.

A watan Afrilu ƙafafun karen na baya suka daina ɗaukarsa. Shekararsa 13, wanda tsufa ne sosai ga irinsa. Dattijo ya kai shi wurin likitan dabbobi, aka yi masa allurar da ba a farkawa, yana riƙe da kansa. Daga ranar kiɗa ya tsaya.

Ni kuma na tafka tawa. Ranar fitar da shara muka haɗu a bakin ƙofa, na ga idonsa ya faɗa, na tambaya, ya gaya mini. Sai na ce masa sannu, ai sai ya samo wani. Wallahi da zuciya ɗaya na faɗa, irin yadda in akuyar mutum ta mutu ake ce masa Allah ya mayar da alheri. Fuskarsa ta yi ja har kunne. Ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa, ya juya ya rufe ƙofa. Mako 3 bai amsa gaisuwata ba. Abin ya ci mini rai, domin a layin nan kaf ni kaɗai ne nake gaishe shi kullum, tun karen yana da rai.

A cikin makonnin nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Katunan ta'aziyya suka jeru a kan tagarsa, masu hoton sawun kare da bakan gizo, kuma a shago ake sayar da su an riga an buga, gefen katunan biki. Wata tsohuwa daga ƙarshen layi, wadda ban taɓa ganin ta taka ƙofarsa ba, ta kawo furanni. Aka ƙona gawar karen, aka dawo masa da tokar a wani ɗan akwatin katako mai farantin tagulla da sunan a jiki, haɗe da sawun ƙafarsa da aka danna a yumɓu. A ƙasar nan kare yana da inshorar lafiya, yana da rigar sanyi, yana da burushin haƙori. Tun 2016 doka ta wajabta a dasa wa kowane kare wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, mai ɗauke da lambar da za a gano mai shi. Ƙungiyar Blue Cross mai kula da dabbobi tana da layin waya kyauta na musamman don wanda dabbarsa ta mutu, ka kira ka yi kukanka a saurare ka. Kuma ba yau aka fara ba: a gefen Hyde Park da ke Landan akwai maƙabartar dabbobi da aka soma binnewa a cikinta tun 1881, da ƙananan duwatsun kabari a jere.

Zan faɗi ra'ayina ko da za a ce zuciyata dutse ce. Wata 7 ya yi yawa. Mu da aka ce kwana 3 ne a kan ɗan Adam, in ban da matar da mijinta ya rasu, ba zan iya ganin namiji mai furfura ya jingine abin da ya fi so a duniya fiye da rabin shekara saboda kare in ce daidai ne ba.

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da gaskiyarsu. Mu ma ba mu wanke ba. Na yi jifan kare ina yaro, ba don ya yi mini komai ba, don dai na ga ana yi. Muna zagi da sunansa, muna korarsa da tafasasshen ruwa, alhali a mazhabar Malikiyya da muke bi kare mai rai ba najasa ba ne, ga karen Ashabul Kahfi a cikin Alƙur'ani, ga hadisin mutumin da aka gafarta masa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Duk na yarda. Amma kada a ce mana ba mu san son dabba ba. Kawuna mafarauci ne, yana da wani kare Duna da ba ya cin tuwo sai ya gutsura masa. Ranar da gadu ya farke masa ciki, a kafaɗa ya ɗauko shi tun daga daji. Ya haƙa rami bayan rumbu ya rufe shi, daren nan bai taɓa abinci ba. Da gari ya waye ya saɓa fartanya ya tafi gona. Ya ji ciwo, na ga idonsa. Sai dai a gidan akwai mutum fiye da 20, wannan na neman kuɗin cefane, wancan na kuka an ƙwace masa rake, ina ya ga sararin zama da baƙin ciki wata 7?

Dattijon nan kuwa karen ne kaɗai mahalukin da ya san ko ya tashi da safe ko bai tashi ba. Shi ke fitar da shi waje sau 2 a rana, a dalilinsa ne mutane ke tsayawa su yi masa magana a filin shaƙatawa, domin Bature ba ya gaishe ka haka kawai, amma zai tsaya ya gaishe da karenka ya tambayi shekarunsa. Ƙasar da a 2018 gwamnatinta ta naɗa minista mai kula da matsalar kaɗaici, ai ta faɗi ciwonta da bakinta. Sun kyautata wa kare, na ba su wannan. Amma sai da suka kwashe mutane daga cikin gidan tukuna.

Ranar Lahadi na ƙwanƙwasa masa ƙofa da kwanon dambun shinkafa da uwargida ta zuba. Mun riga mun shirya tun bazara, amma ban taɓa wuce bakin ƙofarsa ba sai ranar. Jitar tana jingine, Fender Stratocaster ce, fari-fari da ita, fentin ya goge a inda hannu ke gugarta. Gefenta tsohuwar amfilifaya ta Marshall, irin mai kwalaben gilashi a ciki kamar rediyon da, waɗanda sai an ba su minti ɗaya ko biyu sun yi zafi kafin sauti ya fito. Gurnanin da muka ji ke nan. Ya ce saboda wannan ɗumin ne karen ke kwanciya ya jingina bayansa da ita duk lokacin da yake kiɗa, ƙarar ba ta dame shi ba, daga baya ma ya kurumce. Har yanzu akwai baƙin gashi maƙale a ƙyallen gaban lasifikar, bai share ba. Ya ce sau da yawa ya kai hannu zai kunna, in ya dubi wurin ya ga kafet kawai sai ya fasa.

Ya nuna mini yatsunsa na hagu. Kantar da ya tara shekara 40 ta tafi, sun yi laushi kamar na jariri, wayoyin ƙarfen sun yi masa jan layi a kowane yatsa. Tsoffin tsirkiyoyin sun yi tsatsa, sai da ya sake duka 6. Ya yi mini bayanin yadda maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla a ƙarƙashin tsirkiya ke ɗaukar girgizarta ya mayar da ita lantarki, shi ya sa in ba a jona ba jitar ba ta fi kukan sauro ba. Don in nuna ni ma ba baƙo ba ne, na ce ai maƙwabtanmu na Agadas da irin wannan suke cashewa a biki. Sai ya miƙe ya zaro faifan Mdou Moctar da na Bombino, makaɗan jita na Nijar. Ya san Mdou bahago ne, ya san da wayar burkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Ni da garinmu bai fi tafiyar awa 2 zuwa iyakar Nijar ba, sai na zama ɗalibi.

Muna cikin haka ya ce, bara ya ga takalma da yawa a ƙofata wani dare, daga baya yarana suka gaya masa mahaifiyata ce ta rasu. Ya ce ya so ya shigo, bai san me ake cewa ba. Ya tambaye ni kwana nawa na ɗauka.

Hajiya ta rasu bayan sallar asuba, kafin azahar an kai ta. Lokacin da Yaya ya kira ni ina tashar bas, kuma ko da a ce jirgi yana jirana a ƙofar gida, Landan zuwa Abuja kaɗai awa 6 ne, ga hanyar mota a gaba. A waya na ga makarar, hoton yana tsinkewa. A can an shimfiɗa tabarmi kwana 3, ana shigowa ana "ya haƙuri", ana kawo kunu da ƙosai, 'yan'uwana suna amsawa har muryarsu ta dushe. A nan 'yan ƙasarmu kamar 15 suka zo bayan an tashi aiki, aka yi addu'a, kowa yana duban agogo saboda aikin dare, ban kuwa ga laifinsu ba. Ranar Litinin na koma bakin aiki. Duk tsarin da nake taƙama da shi a sama yana aiki ne in kana zaune a kan tabarmar. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Ban gaya masa wannan ba. Na ce kwana 3 ne a wurinmu, ya jinjina kai ya ce lallai muna da ƙarfin hali.

Har yanzu ina nan a kan bakana, gara namu. Gara gidan da hayaniya ba ta barin ka ji kukan zuciyarka. Sai dai akwai wata kwalbar yaji a saman kabad ɗin kicin ɗinmu, na ƙarshe da Hajiya ta daka da hannunta ta ba wani ya kawo mini, wata 2 kafin rasuwarta. Ban buɗe ba. Uwargida ta yi magana sau 2, ta ce yaji ba ya jira, ƙamshin zai tafi, na ce ta bari sai azumi. Azumi ya zo ya wuce.

Jiya dattijo ya kaɗa har ƙarfe 9 saura, yana maimaita wuri ɗaya da yatsun ke ƙi masa. Ƙaramin yaron ya ce, "Baba, Kawu ya wuce lokaci." Na ce ya je ya yi wankansa.