Rumbunan Elliston da darajar ginin talaka

A tsibirin Newfoundland da ke gabashin Kanada akwai wani ƙauyen masunta mai suna Elliston, wanda abin alfaharinsa shi ne rumbunan ƙarƙashin ƙasa da kakanni suka bari. An ƙidaya sama da 130, kuma mafi daɗewa a cikinsu tun 1839 yake nan.

Ginin ba shi da ado ko kaɗan. Gefen tudu ake haƙawa, a jera duwatsu a yi bango, a lulluɓe rufin da ƙasa har ciyawa ta tsiro a kai, sannan a sa ƙofa biyu da ɗan soro a tsakaninsu, domin mai shiga ya rufe ta waje kafin ya buɗe ta ciki, kada iskar hunturu ta biyo shi. Ƙasar da ta lulluɓe ɗakin ita ce ke hana dankali da karas da kabeji daskarewa lokacin dusar ƙanƙara, ta kuma hana su ruɓewa idan zafi ya shigo. Iyalin da rumbunsu ya cika sun tsira daga yunwar shekara.

A 1992 gwamnatin Kanada ta hana kamun kifin kod saboda ya kusa ƙarewa a teku, sana'ar gado ta tsaya cak, matasa suka watse neman abinci, har ta kai ga an kashe fitilun titin garin don babu kuɗin biyan wuta. Waɗanda suka rage sai suka waiwayi rumbunan nan da wasu ke gani kamar ramukan banza, suka gyara waɗanda suka zube, kuma a 2000 garin ya ayyana kansa babban birnin irin waɗannan rumbuna a duniya.

A ganina sun yi daidai, domin tarihin da ya tsaya ga gidan sarauta kawai ya bar yawancin mutane a waje. Abin yana taɓa ni matuƙa idan na tuna rumbun laka na gidan kakana, wanda muka bari damina ta cinye bayan an koma zuba hatsi a buhu, ba wanda ya ɗauki ko hotonsa. A Elliston kuwa baƙi na zuwa daga nesa su sunkuya su shiga, kuma har yau akwai gidajen da ke zuba dankalinsu a ciki duk kaka.