Soyen Layya Da Masu Neman Rage Ƙiba

'Yan uwana da kuka yi wata da watanni kuna fama da rage ƙiba, musamman ku da aka gaya wa a asibiti cewa jini ya hau ko sukari ya fara nunawa, ga layya ta matso, kuma ina jin abin da wasunku ke faɗa a fada: "A bari sai bayan Sallah mu ci gaba." Wannan maganar nake roƙonku ku janye.

Ban ce kada ku ci nama ba. Allah Ya halatta, har azumi ma an hana ranar Idi da kwanaki ukun da ke biye da ita. Ranar da aka tsire raguna a itace aka kewaye wuta da su har dare, ku ci kaurinku, ku ci tsoka, ku yi hamdala. Cin yini ɗaya ba zai dawo da kilo biyar da mutum ya zubar ba.

Ɓarnar tana somawa ne kashegari, in an gama rabo an ɗora kasko. Mu a Maradi man gyaɗa ɗan gida ne, ba a tausaya masa wurin suya, alhali babban cokali ɗaya na mai yana ɗauke da kalori wajen 120. Nama ya sha mai, ga kitsen rago a ciki, an juye a langa an tura ƙarƙashin gado. Daga nan duk shigar da ka yi ɗaki sai ka ɗaga murfi, ka ɗauki biyu, ka dangwali yaji, ka ci a tsaye. Ba ka lissafa shi a abinci, tuwon dare kuwa yana nan yana jiranka. A haka ake cinye mako uku ko huɗu, sai ka ji wandon da ya saki ya sake kama ƙugu. Don haka langar nan ta bar ɗakinka. In lokacin cin abinci ya yi, ka ɗibi gwargwadon tafin hannunka a ƙaramin kwano, ka zaɓi tsoka, ka haɗa da kwaɗon zogale ko kabeji, ka rage shinkafa. In naman ya yi yawa, ka san gidajen da ba a yanka ba a layinku, ƙara musu.

Sai yawon barka da Sallah, inda kowane gida za a dire maka lemu mai sanyi. Gwangwanin Coca-Cola na santilita 33 yana da sukari kusan giram 35, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce babban mutum kada ya wuce wajen giram 50 a yini, in ya tsaya a 25 ma ya fi. Gida biyu ka shiga, ka zarce. Ba a ma zo kan shayin fada ba, na ɗaya, na biyu, na uku, kowanne da nasa sukarin.

Na san abin da ya fi wuya shi ne ƙin karɓar abin hannun manya. Amma akwai lafazin da ba ya ɓata wa kowa. "Inna, a ba ni ruwa kawai, an hana ni zaƙi." "Gwaggo, ƙunsa mini in kai gida." Uwar da ta ji cewa lafiyarka ce ba za ta matsa maka ba. Za kuma ka haɗu da masu cewa, "Wai lafiya kake? Duk ka zube!" domin har yanzu da yawanmu tumbi muke ɗauka alamar hutu. Ka amsa da fara'a cewa lafiya lau kake, kai ka nemi hakan. Tirmizi ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya raba ciki uku: kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Ba a ce ban da ranar Sallah ba.

Gidajen dangi da ke cikin unguwa, ku taka da ƙafa in la'asar ta yi sanyi, ku bar kabu-kabu sai nesa. Minti 150 na motsa jiki ake so a mako, minti 30 ke nan sau biyar.

In kuma an wuce gona da iri wata rana, kada a wayi gari da yunwar horo, kada a ruga sayen shayin rage tumbi da ake tallarsa a waya. Ku masu shan maganin sukari, tsallake abinci na iya kayar muku da sukari har mutum ya suma, don haka ku ci a kan lokaci, ku sha magani yadda aka rubuta muku. Abinci na gaba kawai za a koma kan tsari. Ku hau sikeli jajibirin Sallah da safe ku rubuta, ku sake hawa sikelin nan bayan mako guda.