Zoben da na ɗauko a Hada

Wata huɗu ina tara riyal kafin na sayi madubin hangen taurarin nan, na hannu, a Jidda. Daren Juma'a muka hau dutsen Hada ta hanyar Ɗa'ifa, ni da mijin Yaya da ɗansu mai shekara tara. Hoton M57 na je ɗauka, wani gajimaren iska a sararin samaniya wanda ake ce wa Zobe, kusa da tauraron da Larabawa ke kira Nasrul Waƙi'i.

Tun a mota na buɗe lacca. Na ce tauraro ne irin Ranarmu, da makamashinsa ya ƙare sai ya kumbura ya yi jajir, ya amayar da iskar jikinsa. Ƙwayar da ta rage a tsakiya, mai azabar zafi, ita ke haska iskar, oksijin ya ba da kore, haidurojin ya ba da ja. Har 1779 da aka gano shi sai da na faɗa, da shekara sama da 2,000 da haskensa ya yi a hanya.

Mijin Yaya dai kun san shi. Ido sai ya yi minti 20 kafin ya saba da duhu, mutumin nan sau uku yana kunna fitilar mota, wai neman fulas ɗin gahawa yake. Fulas ɗin kuwa yana tsakanin ƙafafunsa. Shi ne fa har yau bai dawo min da cajata ba tun azumi.

Wajen ƙarfe ɗaya zobe ya fito a allon kwamfuta, ƙato, da raminsa a tsakiya. Na yi kabbara. Nan take na tura gurup ɗin dangi, har da rubuta "aikin hannuna".

Sai yaron ya sa yatsa a allo. "Kawu, ga wani zoben. Ga wani ma." Ya yi ta ƙirgawa da ƙarfi, har sha ɗaya. Ashe ban saita madubin ba, kowane tauraro ya baje ya zama zobe, ramin nan inuwar ƙaramin madubin ciki ce kawai. Uban ya kurɓi gahawa ya ce, "Malam, ashe annoba ce ta shiga taurarin. Allah ya jiƙansu."

Kafin in gyara, hazo ya sauko. Yaya har yanzu hoton ne a kan WhatsApp ɗinta, na ce ta cire ta ce ai yana da kyau.